Martani: Kwafin Littattafan Shehu Ba Hujjar Fasa Manhaja Ba Ne

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa, malamin makaranta daga ƙasar Kebbe, ya rubuta yana kare masu shagunan kwamfuta na yankinmu a kan aiki da manhajar da aka fasa, wadda yara ke kira kirak. Ba zan ambaci sunansa ba, don da ra'ayin nake jayayya, kuma ra'ayin ba nasa ne shi kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa zama a bencin shagon buga takardu a Tambuwal ko Dogon Daji lokacin rajistar JAMB ya ji irinsa. Abin da Malam ya ƙara shi ne ya naɗa wa maganar rawani. Ya jawo tarihin Daular Usmaniyya, ya ce Shehu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello sun wallafa ɗaruruwan littattafai, almajirai suka yi ta kwafa ba wanda ya nemi ko wuri, saboda haka haƙƙin mallakar fasaha baƙon abu ne da Turawa suka ƙago don su tatsi talaka. Ya ce wanda ya kwafi manhaja bai rage wa mai ita komai ba, tunda tasa tana nan a hannunsa. Ya ce talauci larura ne, kuma Amurkar da ke yi mana wa'azi a yau ita ma da kwafin littattafan Ingila ta tashi.

Bari in fara da inda ba ni da ja. Kayan nan suna da tsada, tsadar da ba da aljihunmu aka auna ta ba. Windows 11 na gida, a farashin kamfanin, dala 139 ne, na ma'aikatu kuma dala 199. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Da wannan lissafi Windows ɗaya tak ya wuce naira dubu 200, wato kusan albashin wata uku na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na dubu 70. Kamfanin Adobe ma tun 2013 ya daina sayar da sabon Photoshop sayarwa ta har abada, sai haya wata-wata. Wanda ya yi niyyar biya kuwa, a 2022 bankuna sun rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar baki ɗaya na tsawon lokaci. Ga kuma manhajar haya da ke son leƙa intanet lokaci-lokaci don ta tabbatar ka biya, a jihar da aka taɓa katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 a watan Satumban 2021 saboda 'yan bindiga. Duk wannan gaskiya ne. Ba mamaki ƙungiyar manyan kamfanonin manhaja ta BSA, a rahotonta na 2018, ta ƙiyasta cewa kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutocin Najeriya ba su da lasisi, alhali a duniya baki ɗaya kashi 37 ne.

To amma tsadar abu dalili ce ta neman madadinsa, ko ta yin ciniki, ko ta kai kuka. Yadda ta zama dalilin halatta ɗaukarsa shi ne abin da Malam bai nuna mana ba, sai ya ɓuya a bayan malaman jihadi. Don haka can za mu bi shi.

Haƙiƙa an yi ta kwafar littattafan Shehu da hannu, daga Degel har Adamawa. Mu nan Tambuwal ba ma buƙatar a ba mu labari, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna ne, shi kansa malami ne kuma mawallafi. Sai dai Malam ya je ɗakin adana kayan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ya roƙa a buɗe masa kowane tsohon kundi, ya duba farkonsa da ƙarshensa. Zai ga mai kwafi ya buɗe da sunan mawallafi da na mahaifinsa, sau da yawa kuma ya rufe da nasa sunan yana neman gafara ga kansa da iyayensa. Ba ya goge sunan mai littafi, ba ya cusa nasa zance a tsakiya ya jingina wa Shehu. Almajiri kuwa ko ya haddace littafi ba ya shimfiɗa buzu ya karantar da shi sai malaminsa ya ba shi izini, izinin nan kuma yana da salsala, wane daga wane har a kai ga mawallafi. Malam Abdullahi na Gwandu littafi guda ya ware, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Tun kafin su, Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda har wasiƙa ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas, ya rubuta risala musamman a kan bambancin mawallafi da ɓarawon rubutu, bayan wani ya kwashi aikinsa ya ce nasa ne. Mutanen da suka riƙe amanar ilimi irin wannan riƙo, da wuya a ce ba su san mai abu ba.

Kuma kwafin ma ba kyauta yake ba. Takarda daga ƙetaren hamada take zuwa ta hanyar Turabulus, da tsadarta, marubuci kuma ana biyansa ladan hannunsa. Abin da ya kasance kyauta shi ne yardar mawallafan. Su suka so a kwafa, don a yaɗa suka rubuta, har 'yan taru na Nana Asma'u suka riƙa kai karatu ƙauyuka da ka. Mai abu ne ya ce a ɗauka. A nan hujjar Malam ta juya ta fuskance shi, domin wanda ya rubuta manhajar CorelDRAW bai ce a ɗauka ba. Ya sa sharaɗi, ya sa makulli, wani can ya fasa makullin, ya koya wa manhajar ta yi wa kanta ƙarya cewa an biya.

In Malam yana neman waɗanda suka bi sawun malamanmu a zamanin kwamfuta, akwai su, ba kuwa masu kirak ba ne. A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara aikin GNU, ya kuma tsara lasisin da ke cewa ka ɗauka, ka kwafa, ka gyara, ka raba wa wanda ka ga dama, da sharaɗin kada ka cire sunan waɗanda suka yi aikin, kada kuma ka hana na bayanka 'yancin da aka ba ka. A 1991 wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, wanda daga baya ya koma ƙarƙashin wannan lasisi. Wayar Android da ke aljihun Malam a kan Linux ɗin nan aka gina ta. Wikipedia ta Hausa, wadda 'ya'yanmu ke rubutawa, da irin wannan sharaɗi take tafiya: kwafa, amma ka faɗi inda ka samo. Wannan ita ce tarbiyyar zauren karatu. Na yi mamakin yadda maƙala mai tsawo haka a kan 'yancin ilimi ba ta ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba.

A ɓangaren shari'a, ni ba mufti ba ne, Malam ma haka. Amma ya kamata mai karatu ya sani cewa malamai sun zauna a kan mas'alar. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin watan Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta dukiya a al'adar zamani, kuma bai halatta a keta su ba. Akwai waɗanda suka saɓa, Mufti Muhammad Shafi na Pakistan yana cikinsu, ko da yake ɗansa Mufti Taƙi Usmani ya karkata ga tabbatar da haƙƙin. Saɓani ne na malamai, a faɗe shi a matsayin saɓani. Abin da bai dace ba shi ne a ɗauko gargaɗin da ya zo a kan ɓoye ilimi a ɗora wa mai sayar da kayan aiki. Photoshop ba ilimin tsarki da salla ba ne da za a ce ya wajaba a koyar da shi. Kayan sana'a ne, kuma ilimin yadda ake rubuta irinsa yana nan zube a intanet ba wanda ya ɓoye. Ba wanda ya ce kirak sata ce ta yanke hannu. Amma tsakanin abin da ke jawo haddi da abin da yake halas akwai fili mai faɗi, a cikinsa cin haƙƙi da saɓa alkawari suke zaune.

Larura kuma tana da iyaka. Lokacin da kamfanonin magani 39 suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu a kan dokar da za ta sauƙaƙa samun maganin ƙanjamau, duniya ta taso musu har suka janye ƙarar a watan Afrilun 2001, a Nuwamban shekarar kuma aka yi sanarwar Doha da ta tabbatar wa ƙasashe damar fifita lafiyar jama'a. Wannan larura ce, rai ne a tsakani, kuma a fili aka yi yaƙin, da doka. Mai buga katin biki a bakin tasha, wanda ke da manhajar halas ta kyauta da za ta yi masa aikin, ba ya cikin wannan layi.

Sai batun cewa kwafi ba ya rage wa mai abu komai. Wanda ya ɗare bayan motar Jega zuwa Sakkwato bai biya ba, shi ma zai iya cewa ai da ma motar za ta tafi, bai rage wa direba komai ba. Gaskiyarsa, a ranar. In fasinja takwas cikin goma suka yi haka, gobe direban da ke da mota ɗaya ba zai fito ba, mai motoci dubu a wasu garuruwa ne kawai zai iya jurewa. A nan ne babban saɓanina da Malam yake. Shi yana ganin muna ramuwa ne a kan Microsoft. Ni kuwa ina ganin Microsoft ko a jikinsa, namu muke kashewa.

Bill Gates da kansa, a wata tattaunawa da ɗalibai a Jami'ar Washington a 1998, ya yi magana a kan China, inda ya nuna cewa in dai za su sata, to gara su saci nasu, su saba har su kasa rabuwa da shi, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗin. Wannan lissafin ɗan kasuwa ne, kuma ya fito daidai. Kowane yaro da ya koyi kwamfuta a Tambuwal ko Kuchi ko Jabo a kan Word na kirak ya tashi yana ganin Word shi ne rubutu, Excel shi ne lissafi. Ranar da ya zama sakatare a ƙaramar hukuma ko akanta a banki, abin da zai ce a sayo ke nan, kuma a can ba kirak, dala za a biya daga baitulmali. Mu muka yi musu talla, muka horar musu da abokan ciniki, ba su kashe sisi ba. Wanda ke shakkar yadda kamfanonin nan ke ɗaukar ajin firamare da muhimmanci ya tuna 2007, lokacin da Najeriya ta yi odar ƙananan kwamfutocin Classmate guda 17,000 don makarantu ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa, har shugaban Mandriva ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kuka cewa an shirya goge Linux ɗin a ɗora Windows.

Misalin Amurka da Malam ya kawo ma rabinsa ya faɗa. Ƙwarai, Amurka ba ta kare haƙƙin marubutan waje ba sai 1891, kuma Charles Dickens ya yi ta ƙorafi a kai lokacin ziyararsa ta 1842. To wa ya sha wuya a tsawon shekarun nan? Marubutan Amurka. Mai maɗaba'a da zai buga littafin Ingila ba tare da ya biya kowa ba, me zai sa ya biya ɗan gida? Shi ya sa irin su Mark Twain, wanda aka yi wa kwafin littafinsa a Kanada aka shigo da shi da araha, suka shiga sahun masu neman a yi dokar.

Ba sai mun je Amurka ba, Kano ta ishe mu. Daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 masana'antar fim ɗin Hausa ta tashi a kan kaset, kuma masanin nan Brian Larkin ya nuna a littafinsa na 2008 cewa hanyoyin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka shimfiɗa don rarraba kwafin fina-finan Indiya da na Amurka su ne fim ɗin Hausa ya bi ya kai ko'ina. In Malam yana son hujja a kan amfanin satar fasaha, wannan ce mafi ƙarfi, kuma na ba shi ita. Sai dai ya bi labarin har ƙarshe. Injin da ya kwafi fim ɗin Indiya bai san bambancinsa da na Hausa ba. Da aka koma faifai abin ya ƙaru, da waya mai memori ta zo sai masu tura fim suka kafa tebur a kowace kasuwa, ɗaya ya sayi faifai, gari guda ya kalla. Kasuwar faifai ta mutu, furodusoshi da dama suka bar sana'ar. Waɗanda suka tsira sun koma fim mai dogon zango a YouTube da talabijin, irin su Izzar So da Labarina. Yanzu a duba inda kuɗin ke bi. Mai kallo da ya ƙi biyan ɗan Kano kuɗin faifai yana biyan kamfanin waya kuɗin data, YouTube kuma, wanda mallakar Google ne na Amurka, yana riƙe kashi 45 cikin 100 na kuɗin talla. Haka yaƙi da 'yan jari-hujjar ya ƙare.

Marubutan littattafan Hausa, waɗanda yawancinsu mata ne, suna cikin irin wannan hali. Mace ta kwana tana rubutu a waya, ta sa wa littafinta ɗan abin da bai kai kuɗin kati ba, wata ta biya sau ɗaya ta watsa shi a zauruka goma na WhatsApp, wani kuma ya karanta shi da murya ya ɗora a tasharsa yana karɓar kuɗin talla, wani lokaci ko sunanta ba ya faɗa. Waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata suna nan birjik a tashoshin mutanen da ba su haɗa komai da iyalansu ba. Alhali a dokar ƙasa haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, Shata kuwa a 1999 ya rasu. Waɗannan ba Turawa ba ne, Malam. Kuma hujjar da ake cin haƙƙinsu da ita, ita ce dai wadda ka rubuta: ai ban rage masa komai ba. Ba a koya wa yaro cewa aikin ƙwaƙwalwa ba shi da mai shi, sannan a sa ran zai tsaya ya tantance wanne ne na Ba'amurke wanne ne na maƙwabcinsa.

A ɗauka wani ɗalibin Malam ya gama karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya dawo gida ya rubuta 'yar manhajar haɗa sakamakon jarrabawa, ko ta lissafin kantin magani. Ya sayar wa makaranta ɗaya. Kafin zangon karatu ya ƙare an zuba ta a filash, tana makarantu biyar. Ba shi da lauya, ba shi da wata kasuwa a Jamus da za ta cike masa giɓi. Abin da zai yi shi ne ya tattara ya tafi Abuja ko Legas, ko ya kama sana'ar POS. Sannan mu zauna muna tambayar me ya sa Arewa ba ta da kamfanonin fasaha.

Akwai kuma abin da maƙalar ta yi shiru a kai gaba ɗaya, wato wanda ya fasa manhajar, mene ne ribarsa? Ba waliyyi ba ne. Kusan kowane kirak umarninsa na farko shi ne ka kashe manhajar tsaron kwamfutarka kafin ka buɗe shi. A ƙarshen 2021 masu binciken tsaro na Red Canary sun nuna yadda ake cusa wata manhajar satar bayanai mai suna CryptBot a cikin jabun KMSPico, abin da masu gyara ke kunna Windows da Office da shi. Cutar STOP, wadda ke kulle duk takardun da ke cikin kwamfuta ta nemi fansa, a da dala 980, ko 490 in ka yi sauri, babbar hanyar yaɗuwarta ita ce kirak. Yanzu a tuna abin da ke cikin kwamfutar shagon buga takardu: hotunan fasfo na 'yan mata da samari, lambobin NIN, sakamakon WAEC da NECO, takardun filaye, wani lokaci har BVN da kalmar sirrin imel ɗin wanda bai iya buɗewa da kansa ba. Mai shago ya tsimi kuɗin lasisi, amma da amanar mutane ya yi caca, ba kuma da saninsu ba. Tun watan Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma ba ta ce ban da ƙananan shaguna ba.

Wani abin takaici da na sha gani a wurin masu gyara: yawancin kwamfutocin Beljiyam da ake kawo mana suna zuwa da lasisinsu na halas. Tun daga Windows 8, a 2012, kamfanonin ƙera kwamfuta ke dasa lambar lasisin a cikin injin kansa. In aka ɗora irin Windows ɗin da ya dace da lambar, da kansa zai kunnu. Amma yaro ya saba, da an ce a yi fomatin sai ya ɗauko filash ɗinsa mai kirak ya ɗora, ya danne halas da haram, ya karɓi kuɗin aiki. Wannan rashin sani ne, ba talauci ba, kuma maganinsa yana hannun malaman makaranta irin Malam.

Me za a yi? LibreOffice kyauta ne, halas ne, yana buɗe takardun Word da Excel, kuma ba ya neman intanet, abin da ya dace da ƙauyukan Kebbe inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. GIMP yana gyaran hoto, Inkscape yana zane, Scribus yana tsara shafukan littafi. Ubuntu, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fara fitarwa a 2004, da 'yan'uwansa marasa nauyi, suna tafiya a kan tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ya ƙi karɓa. Wannan kuwa ya zama dole a duba shi, domin a ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe da mayar da makarantun gwamnatinta kan manhajar kyauta. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda ba kuɗi ta rasa ba, ta yanke a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kan LibreOffice.

Ba zan ce sauyin ba wahala ba. Mai zane da ke aika aiki maɗaba'a a Sakkwato ko Kano ko Kaduna ya san can da CorelDRAW aka saba, kuma Inkscape yana da rauni wajen raba launukan bugu. Wani aikin ana iya aika shi a PDF a wuce wurin, wani kuma sai da ainihin manhajar. To wanda aikinsa ya kai nan, ya saya. Shagon da ya buga fostocin 'yan takara a kakar zaɓen 2023, ya sayi janareta da firinta da takarda da tawada duk da kuɗi, ba zai ce abu ɗaya da ya gagare shi shi ne wanda duk aikin ya dogara a kansa ba. Ya sa kuɗin lasisi cikin lissafin kwangila kamar yadda yake sa na mai. Ɗan siyasa zai biya.

Kada kuma a fahimce ni da cewa ina kiran a zo a kwashe yaranmu. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a ranar 17 ga Maris 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, ta hana fasa makullin fasaha, ta kuma ba mai haƙƙi damar sa a sauke aikinsa daga intanet. Ta bar sarari ga bincike da koyarwa da ɗakunan karatu da makafi, har al'adun gargajiya ta ba kariya. In Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa za ta yi aiki da ita a Sakkwato, ta fara da ofisoshi da 'yan kwangilar da ke karɓar kuɗin kwamfuta har da na lasisi, ta kuma buɗe ƙofa ga marubuciya da mawaƙin da ba su san inda za su kai ƙara ba. Kama mai kwamfuta biyu da firinta ɗaya a bakin kasuwa ba zai gyara komai ba.

Kirana ga majalisun ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da wakilanmu da ke raba kwamfutoci da sunan tallafin mazaɓa, shi ne duk kwangilar kwamfuta a rubuta a cikinta ƙarara: ko dai a kawo shaidar lasisi, ko a ɗora manhajar kyauta ta halas. Cibiyoyin koyon kwamfuta su koya wa yara aikin kansa, yadda ake tsara wasiƙa da jadawali da zane, a kan manhaja fiye da ɗaya. Ɗalibanmu na jami'a da na kwalejin kimiyya ta Umaru Ali Shinkafi su shiga aikin fassara waɗannan manhajoji zuwa Hausa, lasisinsu ya ba su dama, ba sai sun nemi izinin kowa ba.

Kai kuma Malam, kana da aji, kana da alƙalami, yara suna jin maganarka. In makarantarku tana da ɗakin kwamfuta, ka sa a sauke LibreOffice sau ɗaya a filash, a ɗora a kan kowace, ka ba kowane ɗalibi kwafi ya kai gida ya raba wa wanda ya so. Wannan kwafin masu shi sun yarda, ba mai tuhumarka a kotu ko a gaban malamai. Ka gwada zango ɗaya, sannan ka sake rubuto mana abin da ka gani.